Telan da Ya Yi wa Tsumman Jaririya Ado

Akwai wani mutum a wani gari, tela ne, sunansa Filibus. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin kasuwa, keken ɗinki ɗaya da benci ɗaya, amma hannunsa yana da kyau ƙwarai. Mutumin nan ba ya iya ganin bakin yadi a sake ya wuce. Ko labulen maƙwabci ya gani zare yana lilo, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Matarsa kuwa Afiniki, mace ce mai sanyin magana, tana sayar da kayan miya a ƙofar gida. Suna nan suna zamansu, sai Ubangiji ya ba su 'ya mace, 'yar fari, suka raɗa mata suna Salama.

To, ku da kuka haifa kun san yadda haihuwar fari take. Murna ta cika gida, amma ba wanda ya san ta inda zai kama. Mahaifiyar Afiniki ta rasu tun Afiniki tana budurwa. Gwaggon Filibus, wato Gwaggo Tabita, ita ta zo daga ƙauye ta yi mata wankan jego, amma da girbi ya matso sai ta tattara ta koma, domin dawarta ba za ta jira kowa ba. Aka bar yara biyu, miji da mata, da jaririya a hannu, suna kallonta tana kallonsu.

Cikin kayan barka da 'yan coci suka kawo akwai jiƙaƙƙen tishun nan na kanti, wanda ake goge wa jarirai jiki da shi in sun ɓata nafkin. Afiniki ta ji daɗinsa sosai, domin a unguwarsu ruwa saye ake yi a wurin 'yan garuwa, kuma in tana bakin teburin kayan miya ba kowane lokaci za ta tashi ta ɗora ruwan zafi ba. Ba a jima ba ya ƙare. Filibus ya tafi kanti zai sayo wani, ya tambayi kuɗi, aka faɗa masa. Ya ce a sake faɗa, aka sake. Ya juya ledar gaba da baya, ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai, ya yi wa mai kanti sai an jima.

Da ya isa gida ya ce, “Maman Salama, abin nan da muke yagowa muna yarwa, ashe kuɗin cefanen gidan nan ne ɗungum. Mu goge mu yar, mu goge mu yar? Haba! Ni fa tela ne. Ga buhun ƙyalle can a shago na rasa yadda zan yi da shi.”

Afiniki ta ce, “Baban Salama, ana iya yinsa a gida ne?”

Ya amsa ya ce, “Me zai hana? Ƙyalle ne da ruwa. Wanda muka goge da shi mu wanke, mu shanya, mu sake.”

Ku ji ni da kyau, shawarar nan ba ta da laifi ko kaɗan. Tattali abu ne mai kyau, gidaje da yawa suna yin haka lafiya lau. Kada wani ya fita daga nan ya ce a makarantar Lahadi an hana tsimi.

Kashegari Filibus ya juye buhun a tsakiyar shago ya zauna zaɓe. Yana zaɓe yana cewa, “'Yar tela guda, a goge ta da tsumma? Allah ya sawwaƙe.” Ya tsinci na kirki, ragowar atamfar amare, da guntayen shadda mai maiƙo, har da leshi. Ya yanka su daidai wa daida. Ya kalmashe bakinsu ninki biyu, ya bi da zaren nan mai ƙarfi da yake ɗinka wandon 'yan makaranta da shi, don kada wanki ya kwance su. Sa'an nan ya ɗaga ɗaya ya duba, sai ya ga tsakiyar ta yi masa fili da yawa. Kash! Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ɗauko zaren surfani mai ƙyalli, ya zauna ya ɗinka fure a tsakiyar kowane ƙyalle, fure mai tudu, da ganyensa da komai. Masu ɗinkin Kirsimeti suna ta zarya, yana ce musu su dawo jibi.

Afiniki ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta ɗiga ɗan sabulun jarirai da ɗan man kaɗanya. Suka naɗe ƙyallayen suka jera a cikin roba mai murfi, suka zuba ruwan a kai. Suka tsaya suna kallon aikin hannunsu, suna ta murna.

Ran Lahadi bayan an tashi sujada, Afiniki ta zauna a gindin bishiya za ta canza wa Salama nafkin, ta zaro ɗaya daga cikin robar. Mama Roda, uwar zumuntar mata, tana wucewa, sai ta yi turus. Ta karɓa ta ɗaga sama ta ce, “Ikon Allah! Mata, ku zo ku ga abin da ake goge wa 'yar tela gindi da shi!” Mata suka taru, ƙyalle ya bi hannu hannu. Wata ta ce wannan ai ya fi ɗankwalinta kyau. Wata ta roƙa a ba ta ɗaya ta riƙa rufe kofi. Filibus yana can wajen maza yana yi kamar bai ji ba, alhali kunnensa duka yana wajen matan, kansa kuwa ya kumbura.

Ana nan, bayan 'yan kwanaki, sai Salama ta fara kuka duk lokacin da aka kwance mata nafkin. Afiniki ta duba, ta ga fatar wurin ta yi ja. Kashegari ƙananan ƙuraje suka feso. Yarinyar da ake yi wa kirari da haƙuri ta koma da an kwantar da ita sai ta ƙanƙame jiki ta tsala ihu tun ba a taɓa ta ba. Hankalin iyayen ya tashi.

Filibus ya ce ruwa ne. Suka sallami mai garuwarsu, bawan Allah bai san laifin da ya yi ba, suka kama wani. Ja bai ragu ba. Afiniki ta ce ko sabulun ne, suka cire sabulu. Bayan kwana biyu Filibus ya ce rashin sabulun ne ya sa ƙazanta ba ta fita, suka mayar, har da ƙari. Suka cire man kaɗanya, suka mayar. Har aka kai inda in ka tambaye su abin da ke cikin robar yau, sai su dubi juna, domin shi yana zuba nasa da safe kafin ya tafi shago, ita tana zuba nata da rana.

Sa'an nan masu shawara suka fara shigowa, kuma kowa da zuciya ɗaya ya zo. Mama Roda ta ce ƙwayoyin cuta ne, a zuba maganin kwalba mai kashe su, murfi guda. Wata maƙwabciya ta ce a dafa ganyen dogon yaro a tace. Gwaggo Tabita ta bugo waya daga ƙauye tana ihu kamar wayar ba ta kai murya, ta ce a matsa lemun tsami, ita da shi ta reni nata duka.

Afiniki ta ce, “Baban Salama, na wa za mu bi?”

Filibus ya sosa ƙeya ya ce, “In muka bar na Mama Roda, ran Lahadi za ta tambaya. In muka bar na Gwaggo, kin san Gwaggo. Mu zuba duka, in wannan bai yi ba wancan zai yi.”

Suka zuba duka. Ruwan robar ya rikiɗe ya koma wani launi da ba shi da suna, ga rinin atamfa yana zuba a ciki. Da wari ya fara tashi sai Filibus ya ɗiga turare. Wayyo, yarinya! Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne, da suka ga wurin yana ƙara lalacewa sai suka ce lalle tsabta ce ta yi kaɗan. Saboda haka suka ƙara yawan gogewa, suka ƙara danna hannu, Salama tana ihu suna ce mata, “Yi haƙuri, don lafiyarki ne.”

Da fatar ta fara saɓulewa suka ɗauke ta a gigice sai asibitin unguwa, ko robar ba su tuna sun ɗauka ba. Layi ya yi tsawo, nas ɗaya ce tak. Ta duba yarinyar ta girgiza kai ta ce, “Da me kuke goge ta?”

Filibus ya yi caraf ya ce, “Da ƙyalle da ruwa.”

“Mai tsabta? Mai laushi?”

“Sabo fil, Sista. Ni na ɗinka da hannuna.”

Nas ta ba su man shafawa, ta ce su riƙa barin wurin ya sha iska, in bai yi sauƙi ba su dawo, ta kira na gaba. A hanyar gida Filibus ya ce, “Kin ji ko? Ita ma ƙyalle da ruwa ta ce. Muna kan hanya.”

Afiniki ta yi tafiya kaɗan, sa'an nan ta ce a hankali, “Baban Salama, anya furen nan kuwa...”

Ya tsaya cak ya ce, “Fure? Furen da duk coci ta yaba? Ba da hannunki kike riƙe shi kullum ba? Ya taɓa yankarki?”

Ta dubi tafin hannunta. Hannu ne da ya saba da taɓarya da wanki da yankan kubewa, gaskiya bai taɓa jin komai ba. Sai ta ce a ranta wataƙila ita ce ba ta gane ba.

Man asibiti ya ɗan kwantar da wurin, gogewa ta sake tayar da shi. Suka rasa inda za su sa kansu. Mama Roda ta dawo ta ce ita fa yanzu tana zargin baki ne, yabon da aka yi a coci ya yi yawa, a dage da azumi da addu'a. Filibus ya kama azumi. Addu'a kuwa ba ta taɓa zama asara ba, sai dai yana tashi daga durƙuso yake zuwa ya buɗe robar nan.

Ran kasuwa sai ga Gwaggo Tabita ta sauko daga mota da ƙullin kayanta. Ko ruwa ba ta sha ba ta kwance jaririyar ta duba. Ta tafa hannu ta ce, “Na sani! Ba ruwa ba ne, ba baki ba ne. Nono ne. Nonon uwar ne yake da zafi, shi yake fitowa ta ƙasa yana ƙona yarinya.”

Ta hana Afiniki yaji, ta hana ta gyaɗa, ta hana ta kifi, ta hana ta miyar kuka. Afiniki ta bi duka, tana shan farin kunu tana ramewa, Salama kuwa ba ta daina ihu ba. Da Gwaggo ta ga haka sai ta yanke hukunci ta ce, “Gobe zan tafi da yarinyar nan ƙauye. A cire ta daga nono. Akwai madarar shanu, akwai kunu, ni zan rene ta har ta warke. Uwar ta zauna nan jikinta ya huce.”

Filibus bai hana ba. Gwaggo ce ta riƙe shi tun yana ƙarami, bai taɓa yi mata musu ba, kuma shi kansa ba shi da wata dabara da ta fi tata. Afiniki ta bi shi ɗaki ta riƙe masa riga ta ce, “Baban Salama, da gaske ni ce nake cutar da 'yata? Ni?” Ya ce, “Ban sani ba, Maman Salama. Ban san komai ba kuma.”

Da rana ta take Gwaggo ta fita kasuwa sayen kwalbar shayarwa. Afiniki tana ɗaki tana ninke kayan jaririya tana sawa a jaka, tana kuka ba sauti. Filibus ya rungumi Salama yana kai da kawowa a tsakar gida, ga azumi, ga zafi, ga yarinya tana ta shessheƙa a kafaɗarsa. Ya ɗaga kai sama ya ce, “Ya Ubangiji, ka nuna mini abin da ke cin yarinyar nan. In ruwa ne ka faɗa. In nono ne ka faɗa. In mutum ne ka nuna mini shi in gan shi da idona.”

Hawaye da gumi suka haɗu suka rufe masa ido, har ba ya ganin gabansa. Ya laluba aljihu, ba hankici. Ga robar a kan kujera 'yar tsugunno. Ya miƙa hannu ya zaro ƙyalle ɗaya, ya goge fuskarsa da shi da ƙarfi, daga goshi har haɓa.

Ai kuwa sai ya kurma ihu. Afiniki ta fito a guje tana cewa, “Kunama ce? Ina take?” Ta karɓe yarinyar. Filibus yana tsalle a tsakar gida, ido a rufe, yana cewa, “Ruwa! Ba ni ruwa! Idona!” Ta miƙo masa buta ya wanke, ya sake wankewa. Da ya samu ya buɗe ido ya leƙa madubin da ke rataye a bango, sai ga jan layi a kumatunsa inda furen ya bi, wani kuma a gefen hanci inda kalmasa ta karce shi, duk wurin yana raɗaɗi kamar an zuba barkono.

Ya tsaya yana kallon ƙyallen a ƙasa. Can ya ɗauko wani daga robar ya miƙa wa matarsa ya ce, “Goga a kumatunki. A hankali.”

Ta goga. Ta runtse ido ta ja iska ta baki. Suka dubi juna, sa'an nan suka dubi Salama. Filibus ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu a ka ya ce, “Fuskata fa ke nan, mai gemu, wadda reza take bi. Sau ɗaya tak. Ita kuwa safe da rana da yamma, a kan gyambo. Na ce a nuna mini mutumin, ga shi an nuna mini.” Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, Afiniki ma ta zauna kusa da shi tana yi.

Da suka natsu ya ɗauki robar ya kai bakin kwata ya tuntsurar da ita duka, da maganin kwalba da dogon yaro da lemun tsami da turare. Ya ruga shago ya kinkimo buhun ƙyalle ya juye a tsakar gida. Ya riƙa ɗauka ɗaya ɗaya yana gogawa a fatar idonsa. Shadda ta karce shi. Leshi ya karce shi. Atamfa sabuwa tana da ƙarfi kamar takarda. Tela guda, da buhu cike da yadi, ya rasa abin da zai goge 'yarsa da shi.

Afiniki ta shiga ɗaki ta fito da tsohon zanen da take kwana da shi. Zane ne da ya sha wanki har ba a gane irin zanen da ke jikinsa, ya koɗe, ya yi shara-shara. Filibus ya goga a ido, bai ji komai ba sai sanyi. Ya sa almakashi ya yanka. Da ya ga bakin a sake, zare yana lilo, sai ƙafarsa ta nufi wajen keke. Afiniki, mai sanyin maganar nan, ta tare ƙofa ta ce, “Baban Salama, ko allura kada ta taɓa shi.”

Gwaggo ta dawo ta tarar da tsakar gida cike da ƙyallaye, ga ɗanta da jar fuska. Ta ce, “Me zan gani haka? Hauka ake yi a gidan nan?” Filibus ya durƙusa ya miƙa mata ɗaya mai fure da ya rage da laima ya ce, “Gwaggo, don Allah ki ɗan goga a kumatu.” Ta harare shi, ta goga, ta yi jifa da shi ta ce, “Kai! Wannan ai soson wanke tukunya ne! Da wannan kuke dirzar mini jika?” Ta zauna. Sa'an nan ta dubi Afiniki ta ce, “Kwance jakar nan, 'yata. Je ki ba ta nono. Kai kuma je ka sayo mata kifi.”

Daga ranar suka koma tafasasshen ruwa da ya huce, ba a sa masa komai, da guntayen tsohon zane, ana dangwalawa a hankali, a shafa man asibiti, a bar wurin ya sha iska. Jan ya fara raguwa, fata ta rufe. Wata safiya aka kwance wa Salama nafkin, maimakon ihu sai ta kama yatsan ƙafarta tana wasa. Mama Roda ta ce azumi ne ya yi aiki, maƙwabciya ta ce dogon yaronta ne sai yanzu ya kama. Filibus bai yi musu da kowa ba, ya dai je ya nemo mai garuwarsu na farko ya ba shi haƙuri.

To, 'yan'uwa, na ga wasunku suna dariya tun ɗazu, musamman mata. Ku gama dariyar, ga ma'anar misalin nan.

Jaririyar nan ita ce duk wani mai rauni da Allah ya sa a hannunka. Ɗanka ne, ko matarka, ko sabon tuba da ya shigo cikinmu bai san ko'ina ba, ko ɗan'uwan da ya faɗi cikin zunubi yana jin kunyar ɗaga kai. Ƙazantar kuwa gaskiya ce. Ban ce a bar jariri cikin kashinsa ba, ban kuma ce a ga laifi a kawar da kai ba. Dole a goge. Filibus bai yi kuskure da ya goge 'yarsa ba, kuma ba wanda zai ce ba ya ƙaunarta. Mutumin da ya bar ɗinkin Kirsimeti saboda ita!

Ƙyallen shi ne maganar da muke yi wa mutum gyara da ita. Furen kuwa shi ne adon da muke yi wa maganar don masu kallo. Kun san irinta. A tsawata wa yaro a gaban baƙi don a ce gidan nan akwai tarbiyya. A yi wa wata faɗa a tsakiyar zumunta da kalmomi masu daɗin ji, har da ayoyi a jere, kowa yana gyaɗa kai yana cewa Mama ta iya magana. Masu kallo suna ganin fure, wadda ake gogawa ita kaɗai ta san yadda yake a jiki. Ruwan robar nan kuma shi ne abin da muke tarowa a bakin mutane, wance ta ce, wane ya ce, mu haɗa duka mu juye a kan mutum ɗaya ba mu tace ba.

In ya yi kuka kuma sai mu rikice, mu shiga neman mai laifi. Mu ce taurin kai ne, mu ce abokai ne, mu ce uwarsa ce ta ɓata shi, mu ce Shaiɗan ne. Mu ƙara faɗan, mu ƙara danna hannu, muna cewa don amfaninsa ne. Har azumi mukan yi a kansa. Abu ɗaya da ba ma dubawa shi ne abin da ke hannunmu, domin hannun mai gogewa ya yi kanta, ba ya ji.

Ubangijinmu Yesu bai yi mana gyara daga nesa ba. Ya zo ya ɗauki jiki irin namu, ya ji yunwa, ya ji kunya, ya ji zafin bulala a fatarsa, shi ya sa in ya taɓa gyambon mai zunubi ba ya fama shi. Mutanen da yake aika wa masu rauni su ma irin tsohon zanen Afiniki ne, waɗanda rayuwa ta wanke ta matse ta shanya har taurinsu ya fita, suka san cewa su ma gafara aka yi musu.

Salama ta ci sa'a, jaririya ce, tana da bakin ihu. Babba ba ya ihu. In ka goge shi da furenka sai ya ce maka na gode, Lahadi mai zuwa ya zauna a bencin baya, ta gaba kuma ba za ka gan shi ba. Akwai waɗanda a da suke zama a cikinmu, yau suna gida da jan layi a zuciya, mu kuwa muna nan muna cewa sun ja da baya.

Saboda haka ga aikinku na wannan mako. Kowa ya san mutumin da yake shirin yi wa gyara, wasunku ma kun riga kun tsara maganar tun a hanya. Kafin ka je, shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka cire sunansa ka sa naka, ka faɗa wa kanka maganar nan da irin muryar da za ka faɗa masa, kana tuna ranar da kai ma ka faɗi. In ta shige ka da sanyi, tashi ka kai masa. In kuwa ta sa ka runtse ido, to, kada ka kuskura ka kai ta kan gyambon ɗan'uwanka. Wanda kuma ka riga ka karce, ka san gidansa, kada ka jira sai ya dawo da kansa.

Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.